Yadda Ake Gano Littattafan Komik Masu Zaman Kansu Bayan Tsohuwar Kasuwa Ta Watse

Wanda ya san komik ta hanyar finafinai kaɗai zai ɗauka gida biyu ne a duniyar nan, Marvel da DC, sai jarumai masu tashi sama cikin matsattsun kaya. Da komik ina nufin labarin da ake bayarwa da zane, akwati bayan akwati, magana tana fitowa daga bakin mutane cikin 'yan da'irori. Gidajen nan biyu su ne masu ƙarar ganga. Amma littafin da zai sa ka rufe shi ka yi shiru kana tunani, sau da yawa wani mutum ɗaya ne ya zana shi a ɗakinsa, ko wani ƙaramin kamfanin dab'i mai ma'aikata ƙalilan ya buga shi. Irin wannan ba a tallarsa a allon titi. Kai ne za ka je nemansa, kuma hanyar neman ta sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan.

Sai ka san yadda kasuwar take kafin matakan su yi maka ma'ana. A da, a Amurka, komik a wurin masu sayar da jarida yake, kuma abin da bai shiga ba ana mayar wa kamfani. A shekarun 1970 wani mai suna Phil Seuling ya kawo sabon tsari: shagon da komik kaɗai yake sayarwa zai samu ragi mai yawa, amma abin da ya saya ya zama nasa, babu mayarwa. Wannan tsari ne ya buɗe wa ƙananan masu bugawa ƙofa, domin ba sa fargabar kaya su dawo musu. Shi ne kuma ya sa mai shago ya zama matsoraci, tunda duk kwafin da ya kwana asararsa ce. Zuwa 1997 kamfani ɗaya, Diamond, wanda aka kafa a 1982, ya zama kusan shi kaɗai ke kai kaya shagunan nan. Littafin da bai shiga kundin tallarsa na wata-wata ba, tamkar ba a buga shi ba.

Haka aka tafi sama da shekara ashirin. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa Diamond ya tsayar da jigila na kusan wata biyu, kowa ya ga haɗarin rataya a igiya ɗaya. DC ta fice a shekarar. Marvel ta koma wurin katafaren kamfanin littattafai Penguin Random House a 2021, kamfanin komik na Image ya koma wurin wani mai rarraba kaya, Lunar, a 2023, a Janairun 2025 kuma Diamond ya shigar da takardar karyewar jari a kotu. Manya sun riga sun samu mafaka. Ƙanana ne kayansu da kuɗinsu suka maƙale. Abin da wannan yake nufi gare ka mai karatu shi ne babu sauran kundi ɗaya da za ka buɗe ka ga komai. An rarrabu: wani yana sayarwa a shafinsa, wani ta hanyar karo-karo, wani a waya kyauta, wani sai a teburinsa ranar baje koli.

Mataki na farko: koyi gane mai zaman kansa

Kada ka dogara da tambarin da ke bango. Buɗe littafin, nemi ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko ko cikin bango, inda alamar © take. Idan sunan mutum ne ke bayanta, marubucin ko mai zanen, to labarin nasa ne, shi ke da ikon kashe jaruminsa ko ƙare labarin ranar da ya ga dama. Idan sunan kamfani ne, galibi aikin ƙodago aka yi, an biya mai zane kuɗin shafi, labarin kuma ba nasa ba ne.

Wannan 'yar alamar tana da tarihi mai ɗaci. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da haƙƙin mallakar Superman a kan dala 130, suka kwashe shekaru suna shari'a ana kwasar dukiya da abin da suka ƙirƙira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan takaici ne ya sa a 1992 fitattun masu zane bakwai, ciki har da Todd McFarlane da Jim Lee, suka bar Marvel suka kafa Image, bisa sharaɗin cewa kamfanin ba zai mallaki labarin kowa ba.

Dalilin da na ce tambari bai isa ba shi ne, da yawa daga kamfanonin da ake kira masu zaman kansu yanzu suna da iyayen gida. Dark Horse, wanda aka kafa a 1986, wani kamfanin wasannin bidiyo na ƙasar Suwidin mai suna Embracer ya sanar da sayensa a ƙarshen 2021. Boom! Studios ya shiga hannun Penguin Random House a 2024. Dukansu suna buga labaran da masu su ke riƙe da haƙƙinsu, suna kuma buga na haya da aka ɗauko daga fim ko wasa. Littafi-littafi za ka duba.

Mataki na biyu: san ɓangaren da kake nufa

Idan kana son abin da ya yi kama da na manyan gidaje a siffa, fitowa wata-wata mai shafi ashirin da 'yan kai, mai launi, amma labarin tsoro ne ko na 'yan sanda ko na wata duniyar, Image da takwarorinsa ne wurinka. Idan kana son abin da ya fi kusa da adabi, tarihin rayuwa, labarin yaƙi daga bakin wanda ya gani, rahoton ɗan jarida cikin zane, ka nufi Fantagraphics da ke Seattle, wanda yake aiki tun 1976, da Drawn & Quarterly da ke Montreal a Kanada. Ƙasa da su akwai 'yan ƙananan littattafai da mai zane ke bugawa da kansa, ya naɗe ya ɗinke, wani lokaci kwafi ɗari kacal. Kada ka raina su. Labarin kunkurun nan huɗu masu faɗa da duniya ta sani yau, wato Teenage Mutant Ninja Turtles, abokai biyu ne suka buga shi da kuɗin aljihunsu da na rance a 1984, baƙi da fari, kwafi kimanin 3,000. Sai kuma na intanet, wanda ya fi duk sauran yawa.

Zaɓi ɗaya ka fara da shi. Wanda ya ce zai bi duka huɗun lokaci guda, ya gaji kafin ya samu abin so.

Mataki na uku: bi sunan mutum

Nan ne gishirin maganar, kuma nan ne wanda ya saba da manyan gidaje yake kuskure. A can jarumi ake bi, marubuta suna zuwa suna tafiya. A nan mutum ake bi.

Ɗauki komik ɗaya da ka taɓa jin daɗinsa, ko da na Marvel ne ko DC. Buɗe shafin da aka jera waɗanda suka yi aikin. Za ka ga marubuci, mai zane, mai launi, mai tsara haruffa, wani lokaci da edita. Rubuta sunayen a wani wuri da ba zai ɓace ba. Sannan ka tambayi kanka me ya kama ka: maganganun mutanen ne, ko yadda aka zana fuskoki, ko launin dare da ruwan sama? Amsar ce za ta nuna maka wanda za ka bi. Mutane sukan manta da mai launi, alhali sau da yawa shi ne ya ba littafin yanayin da ya zauna maka a rai.

Daga nan ka shiga Grand Comics Database, rumbun bayanai ne da 'yan sa-kai suka gina a intanet, ka rubuta sunan. Zai jero maka ayyukan mutumin. Tsallake waɗanda ya yi wa manyan gidaje, nemi wanda alamar © ke ɗauke da sunansa. Kusan duk fitaccen marubuci yana da irin wannan, kuma galibi a nan yake sakin jiki. Da ka karanta, sai ka ga sababbin sunaye da ya yi aiki da su, su ma ka bi su. Suna ɗaya yakan haifi biyar cikin wata guda.

Akwai wata dabara da nake so. Masu zane suna yawan yabon juna, kuma ba kasafai suke yabon banza ba, domin idonsu ya fi namu kaifi. Nemi wasiƙar labarai ta imel da mai zanen da kake so yake aikawa. Tun 2021, lokacin da Substack, shafin aika irin wannan wasiƙa, ya jawo wasu fitattun marubuta irin su James Tynion IV, wannan hanya ta zama ruwan dare. A ƙarshen irin wannan wasiƙa sukan ambaci abin da suke karantawa. Wannan jerin ya fi duk shawarar da manhaja za ta ba ka, tunda ita manhaja abin da jama'a suka riga suka yi wa rububi take nuna maka.

Ka kuma nemi kundin da ya tara gajerun labarai na mutane goma ko ashirin. Rabin su ba za su burge ka ba. Biyu ko uku za su burge ka, kuɗinka ya fita.

Mataki na huɗu: yi amfani da jerin lambobin yabo da na baje koli

Lambar Eisner, da ake bayarwa tun 1988 a babban taron komik na San Diego, ita ce ta fi suna, amma ta haɗa manya da ƙanana. Wadda ta fi dacewa da wannan nema ita ce Ignatz, da ake bayarwa tun 1997 a taron Small Press Expo a Bethesda, jihar Maryland, a watan Satumba. Masu zane ne ke zaɓo waɗanda za su fafata, har da rukunin 'yan ƙananan littattafan da aka ɗinke da hannu. Shawarata ita ce kada ka tsaya ga wanda ya ci. Karanta duka sunayen da aka fitar, na bana da na shekara uku baya. Wanda ya ci sau da yawa ya fi suna ne kawai.

Ba sai ka je taron ba kafin ka amfana da shi. Kowane baje koli yana wallafa sunayen waɗanda suka kama tebur, yawanci da hanyar shiga shafinsu. Duba na Small Press Expo, na TCAF da ake yi a Toronto, na Thought Bubble a arewacin Ingila. Ware awa ɗaya ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa talatin ga kowa ya isa ka san ko zanensa ya yi maka. ShortBox kuwa a intanet kacokan ake yin nasa, duk watan Oktoba, sababbin komik na sauke wa a na'ura, kuma da watan ya ƙare a rufe. Idan kana jin Faransanci, zaɓin littattafan bikin Angoulême, wanda aka fara a 1974, wata taska ce daban, domin a Faransa da Beljiyam komik abin karatun manya ne tun da daɗewa.

Mataki na biyar: ɗanɗana kafin ka biya

Gani ya kori ji. Webtoon, dandalin karanta komik a waya wanda kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya fara a 2004 ya kuma fitar wa duniya a 2014, yana da sashe mai suna Canvas inda kowa ke iya ɗora aikinsa. Tapas da GlobalComix ma haka. Tsakuwa ta fi shinkafa yawa a wuraren nan, sai da haƙurin tsinta, don haka ka shiga da suna a hannu, kada ka bi abin da shafin farko ya tura maka. Image yana barin a karanta fitowar farko ta labarai da dama kyauta a shafinsa. A shafin Panel Syndicate, wanda Brian K. Vaughan da Marcos Martín suka kafa a 2013, kai ke yanke abin da za ka biya, ko da sifili ne. Mai katin laburare a Amurka ko Kanada yana iya aron komik ta manhajar Hoopla ko Libby.

Ga yadda nake gwada sabon littafi. Ba na duba bango, domin sau da yawa wani ne daban ya zana shi. Ina buɗe tsakiya, in zaɓi shafi biyu, in ƙi karanta kalmomin. Idan na gane wanda ke fushi, wanda ke tsoro, inda mutanen suke tsaye da abin da ya faru tsakanin akwatin nan da na gaba, mai zanen ya iya aikinsa. Idan sai da na karanta na fahimta, hotuna ne aka jera kusa da rubutu. Bayan nan in karanta maganganun da ɗan ƙarfi. Idan mutanen suna bayyana abin da ido ya riga ya gani, in ajiye.

Shafukan sata kuma, ka san akwai su. Babban kamfani ba zai ji ciwon kwafi ɗaya ba. Mutumin da masu saye ɗari biyu ne tsakaninsa da daina zane, zai ji.

Mataki na shida: idan za ka saya a na'ura, sayi abin da za ka riƙe

ComiXology ya taɓa zama babbar kasuwar komik ta intanet, har da ƙofar da ƙananan masu zane ke shigar da nasu. Amazon ya saye shi a 2014, a hankali aka narkar da shi cikin Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, a Disambar 2023 aka rufe manhajarsa mai cin gashin kanta. Littattafan mutane sun koma wata manhajar da ba ita suka zaɓa ba. Darasin a fili yake: abin da ka saya a cikin manhajar wani, izinin karatu ka saya.

Saboda haka, duk inda aka ba ka zaɓi, ɗauki fayil ɗin da ba a kulle ba, PDF ko CBZ. Shi CBZ ba wani abu ba ne illa hotunan shafuka da aka ƙunshe wuri ɗaya, kuma manhajojin buɗe shi kyauta suna da yawa. Masu zane da dama suna sayar da irin wannan kai tsaye ta Gumroad ko itch.io, inda mafi yawan kuɗin ke shiga hannunsu. Sauke shi nan take, ajiye kwafi a wuri biyu. Ka kuma lura da siffa: wanda aka zana domin waya, ana jan sa ƙasa da yatsa, yana karantuwa a kowane allo. Wanda aka zana domin takarda, musamman mai zanen da ya mamaye shafi biyu, a ƙaramar waya sai ka yi ta zuƙowa har daɗin ya tsere. Wannan sai babban allo.

Mataki na bakwai: karo-karo, amma da ido buɗe

Kickstarter, da ya fara aiki a 2009, yanzu yana cikin manyan hanyoyin da komik masu zaman kansu ke fitowa. Mai zane zai faɗi adadin da yake bukata da ranar rufewa. Idan an cika, a cire kuɗin kowa. Idan ba a cika ba, ba a taɓa na kowa ba. Sai dai ka sani ba shago ba ne, cinikin biri a sama ne, kuma akwai waɗanda suka karɓi kuɗi littafi bai taɓa fitowa ba.

Kafin ka sa hannu, duba ko an gama zanen. Wanda ya ce shafuka sun kammala, kuɗin bugawa kawai yake nema, haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya nuna hoto uku da alkawari, shekara biyu ba ta yi masa yawa ba. Shiga ayyukansa na baya ka ga ko ya isar da su, ka karanta abin da waɗanda suka biya suke cewa game da jinkiri. Duba kuɗin aikawa tun kafin ka danna, domin zuwa wata ƙasar yakan fi kuɗin littafin kansa, wani lokaci kuma sai bayan an rufe ake cajinsa. Idan ya yi tsada, ɗauki matakin fayil, shi ne mafi arha kuma shi ke fara isowa. Patreon daban ne, biyan wata-wata ne domin mutum ya ci gaba da aiki. Na fi ganin amfaninsa ga mai zanen da ka riga ka karanta aikinsa kyauta na tsawon lokaci.

Mataki na takwas: na takarda, yi oda tun bai fito ba

Ka tuna mai shagon nan da ba ya iya mayar da kaya. Ana tallar fitowa kimanin wata biyu kafin ranarta, kuma akwai ranar rufe oda, wajen mako uku ko huɗu kafin ta fito. Adadin da shaguna suka nema a ranar nan, da shi ake buga littafin, da shi kuma ake yanke hukuncin ko labarin zai ci gaba. Ma'ana, ƙaramin komik yana rayuwa ko ya mutu tun kafin kowa ya karanta shi. Idan ka jira ranar Laraba, ranar da sababbi ke fita a Amurka, ka je shago ka tambaya, mai yiwuwa kwafi biyu aka kawo kuma sun tafi.

Shagunan komik suna da tsarin ajiya: ka ba su jerin abin da kake so, su riƙa ware maka duk wata. Da yawa suna yin haka ta intanet suna aikawa. Shafin League of Comic Geeks yana nuna abin da ke tafe mako-mako, da ranakun rufe oda.

Akwai masu cewa gara a jira a haɗa fitowa biyar ko shida a kundi ɗaya. Ya fi arha: fitowa ɗaya takan kai dala 3.99 zuwa 4.99, alhali Image ya sha sayar da kundin farko a dala 9.99. Ya fi daɗin karatu ma. Sai dai idan kowa ya jira, labarin ba zai kai ga kundi ba. Abin da nake yi shi ne in bi sabon suna wata-wata, in jira kundin wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Bango kala-kala na fitowa ɗaya kuwa, ka sayi wanda ya yi maka kyau, guda ɗaya. A farkon shekarun 1990 an ruɗi mutane cewa komik jari ne, har wata fitowar Marvel ta 1991 ta sayar da kwafi kimanin miliyan 8. Abin da miliyoyi suka adana a leda ba ya tsada. Kasuwar ta rufta, dubban shaguna suka rufe, Marvel kanta ta shigar da takardar karyewar jari a 1996.

Idan kundi kake nema, ba lallai sai shagon komik ba. Yana da lambar ISBN kamar kowane littafi, kuma duk mai sayar da littattafai da ke odar kaya zai iya nemo shi da ita. Ba shi lambar, sunan marubucin, sunan mai zanen da na kamfanin dab'i, ka kuma faɗi kundi na nawa ne, domin bangon na biyu da na uku sukan yi kama. Ɗan ƙaramin da aka ɗinke da hannu ba shi da wannan lamba. Shi sai ka rubuta wa mai shi kai tsaye, ka tambaye shi ko akwai saura, in babu ko zai sayar maka da fayil ɗinsa.